Shin Ko Kun San? Wakilinku a Abuja: Ƙuri'arsa, Ƙudirinsa da Kuɗin Takararsa

Shin ko kun san mutumin Tungar Guru, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, wakilai biyu gare shi a Abuja? Akwai ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Gummi/Bukkuyum, akwai kuma sanatan Zamfara ta Yamma, mai wakiltar Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara. Garin Tungar Guru yana cikin waɗanda gubar dalma ta afka wa a 2010, annobar da ta ci yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum. Wanda ya ga wannan tashin hankali yana da haƙƙin sanin abin da wakilinsa ya faɗa da yawunsa.

Ko kun san kotu ta taɓa sauya mai wannan kujerar sanata? Ahmad Sani Yariman Bakura ya riƙe ta daga 2007 zuwa 2019. Abdul'aziz Yari ne ya ci zaɓen 2019, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, kujerar ta koma hannun Lawal Hassan Anka na PDP. Sai a 2023 Yari ya hau.

Ga wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shin ko kun san yawancin ƙuri'un majalisa da baki ake kaɗa su? Masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga, shugaba ya auna da kunne, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa. Wakili zai iya yin shiru a zaure, ko ma bai je ba, ya dawo gida ya ce ya yi faɗa dominku. Sunaye kan fito ne idan wani ya nemi a ƙirga kai, ko ana gyaran tsarin mulki. A Yulin 2013 an ga haka: Yarima ya tashi ya hana cire sashe na 29(4)(b), mai ɗaukar matar aure a matsayin baliga wajen ajiye shaidar zama ɗan ƙasa. Sanatoci 60 suka ce a cire, 35 suka ƙi, alhali 73 ake bukata. Ko kuna tare da shi ko ba kwa tare, ranar dai kowa ya san inda ya tsaya. Haka ma a Yulin 2021, kan tura sakamakon zaɓe ta intanet: sanatoci 52 da 28, kowa da sunansa.

Ko kun san a "karatu na farko" sunan ƙudiri kawai ake karantawa? Saura karatu na biyu, kwamiti, karatu na uku, amincewar ɗaya majalisar, sannan kwana 30 na sa hannun shugaban ƙasa. In an ce muku wane ya gabatar da ƙudiri ashirin, ku tambaya: nawa suka zama doka?

Sai kuɗi. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana ɗan takarar sanata kashe fiye da naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 70. Ta kuma yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawa har miliyan 50, inda dokar 2010 ta tsaya a miliyan 1. A zaɓen 2023, fom ɗin takarar sanata kaɗai APC ta sayar da shi miliyan 20, PDP miliyan 3.5.

Shin ko kun san jam'iyya ce doka ta ɗora wa miƙa wa INEC lissafin kuɗin yaƙin neman zaɓe, cikin wata shida bayan zaɓe? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa, har manomin Tungar Guru, damar rubuta wa hukumar takarda ya nemi ganin lissafin, kuma kwana 7 aka ɗibar mata ta ba da amsa.