Ritaya a Dakoro: Mai fansho, mai garke da mai jiran saƙon ɗa

A garin Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, idan aka ce wane ya yi ritaya, ana nufin ɗaya daga cikin 'yan tsirarun mutane ne: tsohon malamin makaranta, tsohon ma'aikacin likita, tsohon soja ko jandarma, ko malamin dabbobi. Sauran dattawan gundumar, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Su babu ranar da wani ofishi ke ba su takardar ajiye aiki. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya daina rarrabe gero da ciyawa a wajen noma, ita ce ranar ritayarsu.

Masu takarda ma kashi biyu ne. Ma'aikatan gwamnati suna karɓar fanshonsu ta hannun asusun CARENI, wanda ya gaji tsohon asusun FNR, yayin da waɗanda suka yi aiki a kamfanoni da ƙungiyoyi ke ƙarƙashin CNSS. Shekara da shekaru wata uku-uku aka riƙa biyan fansho a Nijar, kuma mayar da shi wata-wata ya kasance cikin buƙatun da 'yan ritaya suka daɗe suna kai wa hukuma. Duk wanda ya zauna gidan tsohon ma'aikaci ya san abin da wata uku ke nufi. Kuɗi na shigowa, a biya mai kanti da mai nama bashin baya, a sayi buhun gero, sai a sake buɗe sabon shafi a littafin bashi.

Waɗannan mutane ne da suka yi ƙuruciyar aikinsu a lokacin da ya fi tsanani. Sun ga fari da yunwar 1984. Suna bakin aiki aka karya darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairun 1994, a shekarun da ma'aikaci kan yi watanni bai ga albashi ba. Shi ya sa da yawansu ba su taɓa dogara da takardar biya kaɗai ba. Wanda ya samu hali ya sayi gona tun yana aiki, ya sayi saniya ya ba Bafillace amana, ko ya gina ɗaki biyu na haya. A yau bambancin da ke tsakanin tsohon ma'aikacin da ke cikin rufin asiri da wanda ke neman rance kafin ƙarshen wata, sau da yawa ba girman muƙamin da suka riƙe ba ne, abin da suka ajiye a gefe ne.

A Dakoro, ajiya dabba ce. Gundumar tana kan iyakar noma da kiwo, inda kwarin Tarka ya ratsa, kuma tun 1961 doka ta shata layin da noma bai kamata ya tsallaka ba zuwa arewa. Dattijon da ya ɗaure raguna biyu ko uku a bayan gida yana turka su da harawar wake da dusa har zuwa Babbar Salla, yana da abin da ya fi asusun banki saurin amsa kira. Tsofaffin mata kuwa jar akuyar Maradi ce jarinsu, ga adashe. Sai dai bankin nan yana da nasa haɗarin: shekarar da damina ta gaza, ciyawa na tsada, farashin dabba na faɗuwa, farashin tiyar gero na hawa, duk a lokaci guda. Aka zo kuma rufe iyaka da Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga faɗuwar Naira. Dillalan da ke kwasar dabbobi zuwa kudu suka ragu, mai rago biyu a Dakoro ya ji a aljihunsa.

Lafiya ce ke cinye abin da ya rage. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa da matsalar fitsari ga maza, su ne hirar da ke biyo bayan gaisuwa a ƙofar masallaci. Gundumar ta daɗe tana ganin ƙungiyoyin agaji, musamman tun matsalar abinci ta 2005, amma hankalinsu na kan tamowar yara da mata masu ciki, haka ma tsarin magani kyauta na gwamnati da ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba abin zargi ba ne a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuma ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma sakamakonsa shi ne tsoho na biya da kansa.

Ragin rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumbar 2024, ya sauƙaƙa wani abu. Bai taɓa kuɗin mota zuwa Maradi ba idan ciwon ya fi ƙarfin asibitin gunduma, bai taɓa abincin ɗan jinya ba, kuma maganin hawan jini ba a sha sau ɗaya a gama. A nan ne ake yawan yin kuskure mai tsada: tsoho ya sha magani wata guda, ya ji kansa ya daina sara, ya ajiye. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma shanyewar ɓarin jiki a ƙauyen da ke nesa da kwalta hidima ce ta shekaru a kan matar gida da 'ya'ya mata.

Mai karanta wannan daga Yamai, Agadas, Tamanrasset, Tarabulus ko Legas ya san sauran labarin, domin shi ne fanshon. Saƙon da ke zuwa ta Nita ko Amana shi ke riƙe da gidaje masu yawa. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da rana. Yakan zo da yawa gab da Salla, ya ɗauke a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya shigo. Jaka goma da ke zuwa kowane wata, a ware ta maganin Baba ko Inna a hannun mutum ɗaya da aka yarda da shi, ta fi jaka ɗari da ke zuwa sau ɗaya ta narke a hidimar biki.

Ba duka kuka ba ne. Da hantsi za ka tarar da su a inuwar bedi, ana buga dara a ƙasa, shayi na kan gawayi, rediyo na gefe. Lokacin kokowar takobi ta ƙasa, musu kan kai har Magariba. Wasu sun koma makarantar allo da suka bari tun ana kai su lakwal da ƙarfi, suna neman sauka a shekara 65. Tsohon malami kuma ba ya rasa aiki: shi ke karanta wa maƙwabta takardar likita, shi ke rubuta koke, shi ake kira idan rikicin gona da burtali ya taso, domin ya koyar da 'ya'yan ɓangarorin biyu. Burin da ke bakin kusan kowa shi ne Makka, amma kujerar ta haura miliyan uku, kuɗin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na jaka 42 zai yi fiye da shekara biyar yana tarawa ko da bai ci ko dala ba.

Matan da mazansu ma'aikata suka rasu suna da haƙƙin wani kaso na fanshon, amma sai da takardar aure, da ta haihuwar yara, da ta mutuwa. Aure da yawa a karkarar Dakoro an ɗaura su ne a ƙofar gida ba tare da an je ofishin magajin gari ba, kuma neman hukuncin kotu da zai maye gurbin takardar bayan mai gida ya rasu kan ɗauki watanni.