Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa ba kowace 'yar na'urar Wi-Fi mai kama da filash ce ke aiki a jikin risibar satalayit ba? Mutum zai tashi daga Durumi ya tsallaka Area 1 ya sayo sabuwa fil, ya cusa a ramin USB, risiba ta yi kunnen uwar shegu da ita. Sai a ce jabu ce, alhali in a kwamfuta aka sa ta za ta kama nan take.

Sirrin yana cikin 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinta. Kwamfuta tana iya sauko da manhajar gane sabuwar na'ura, amma risiba abin da aka ɗora mata tun daga kamfani kawai ta sani. Yawancin risibobin kallon tashoshin kyauta, irin su Strong da Starsat, ƙwaƙwalwa biyu suka fi ganewa: RT5370 ta Ralink da MT7601 ta MediaTek. Ralink da MediaTek duk kamfanonin Taiwan ne, kuma a 2011 MediaTek ya saye Ralink. Sunan da aka zana a kwali ado ne kawai.

Wani abin kuma, RT5370 da MT7601 dukansu a zangon 2.4GHz kaɗai suke aiki. Idan intanet ɗin da kuke rabawa daga waya yana kan 5GHz, risiba ba za ta ma ga sunansa ba.

Kafin ku biya kuɗi, ku duba lambar ƙwaƙwalwar a littafin risibarku.