Wasan Ban Kwana: Al'adun 'Yan Ajin Ƙarshe a Sakandaren Palladan da Kewaye

Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli, daidai lokacin da damina ke kankama, 'yan aji uku na babbar sakandare a Palladan, unguwar Zariya da ke kan hanyar da ta taso daga Sabon Gari ta bi ta Kwangila ta nufi Samaru, suna rubuta jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, sannan su ɗora da ta NECO, wadda ta fara shirya tata a shekarar 2000. Da zarar an ajiye alƙalami a takarda ta ƙarshe, sai hankali ya koma kan bikin yaye ɗalibai, wato taron da makaranta take kiran iyaye da manyan baƙi, a yi jawabai, a raba kyaututtuka ga waɗanda suka yi fice, shugabannin ɗalibai masu barin gado su miƙa ragama ga 'yan aji biyu. A tsarin da aka gada, abin da yake cika wannan taro shi ne wasan kwaikwayon da 'yan ajin suka shirya da kansu, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cancantar nazari, ko da yake shi ne yake ta ƙanƙancewa a 'yan shekarun nan.

Wasan yakan ɗauki ɗaya daga cikin siffofi biyu, wani lokaci ma ya haɗa su. A ta farko ɗalibai suna kwaikwayon malamansu: yaro ya ari babbar riga da tabarau, ya saƙala hannu a baya, ya yi irin gyaran muryar da malamin lissafi yake yi kafin ya kira sunan wanda bai yi aikin gida ba, malamin kuwa yana zaune a sahun gaba yana dariya har da share hawaye. A ta biyu ana nuna 'yan ajin bayan shekara ashirin, sun haɗu a wurin ɗaurin aure ko a tashar mota, kowa ya zama abin da halinsa na yau ya nuna. Sarkin surutu ya zama ɗan majalisa, wadda ba ta rabuwa da kwalbar turare ta buɗe shago a kasuwar Sabon Gari, mai latti kullum ya zama matuƙin jirgi, fasinjoji suna zaune suna jiran isowarsa. Wannan na ƙarshe ya fi armashi a Palladan, domin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, tana cikin unguwar, kuma yaran sun tashi suna jin ƙarar ƙananan jiragen horaswa a saman ajujuwansu. Haka ma barikin horar da kuratan soja da ke Sabon Gari, da asibitin koyarwa na Shika, da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, duk suna ba masu tsara wasan sana'o'in da za su raba wa abokansu.

Makarantun Amurka suna da makamanciyar wannan al'ada tun da daɗewa, inda ake zaɓar ɗalibi guda ya rubuta hasashen makomar kowane ɗan aji cikin raha, a karanta a ranar taro ko a buga a littafin tunawa na shekara. Sai dai a ƙasar Hausa abin ya zo da wata iyaka da kowa ya sani, domin sanin gaibu na Allah ne, kuma duk abin da ya yi kama da duba ko bokanci ba ya samun karɓuwa a gaban iyaye. Saboda haka ba a gabatar da shi a matsayin labarin abin da zai faru, ana gabatar da shi a matsayin tsokana da fatan alheri, kuma da wuya mai magana ya rufe bakinsa bai ce in Allah ya yarda ba.

Tushen wannan raha ya girmi makarantar boko. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, su fito da halayen da ba wanda zai iya furtawa a zaman fadanci. A kalankuwa samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu muƙaman mulki bayan girbi, su yi shari'a ta wasa. A tashe kuwa yara sukan zaga gidaje cikin watan azumi suna kwaikwayon manya. Ga kuma barkwancin da ke tsakanin Zazzagawa da Kanawa, da na taubasai, inda tsokana take ƙarfafa zumunci maimakon ta ɓata shi. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne al'umma takan ware wani lokaci da na ƙasa zai faɗa wa na sama gaskiya cikin dariya ba tare da an kira shi marar kunya ba. Ɗalibin da ya shekara shida yana rusunawa yana cewa ranka ya daɗe, malam, yana buƙatar irin wannan rana, shi ma malamin yana buƙatarta, domin a nan ne yake ganin kansa yadda yara suke ganinsa.

Zariya tana da matsayi na musamman a wannan tarihi. Kwalejin Barewa, wadda ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya daga 1949, ita ce makarantar da Malam Aminu Kano ya yi karatu a zamaninta na Kaduna, kuma tun yana ɗalibi ya riƙa rubuta wasanni masu sukar algus a kasuwa da zaluncin masu riƙe da iko, abin da daga baya ya zama jigon siyasarsa. Littattafan wasan kwaikwayo da ɗaliban Arewa suka yi ta karantawa da gwadawa, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da ya fito a 1949, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, daga maɗaba'un Zariya suka fita zuwa sauran garuruwa. A tsakiyar shekarun 1970 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Michael Etherton, ta gina dandalin wasa na ƙasa bisa salon ginin Hausa, ta kuma fito da tsarin da ɗalibai suke shiga cikin garin Samaru su saurari matsalolin jama'a, su mayar da su wasa, su koma su nuna wa masu matsalar.

Abin da yake maye gurbin wasan a yanzu shi ne ranar maka, wato ranar da ɗalibai suke sanya fararen riguna su yi wa juna rubutu a jiki da alƙalamin maka mai launi, al'adar da ta gangaro daga jami'o'i. Asalin niyyar ba ta da aibi, domin ajiye sa hannun aboki ne don tunawa, amma sau da yawa takan fita daga harabar makaranta ta koma titi, da ganganci a kan babura da cakuɗuwar maza da mata da iyaye ba su yarda da ita ba, sannan hotunan su bazu a TikTok. A 2025 gwamnatocin jihohin Sakkwato da Yobe sun hana wannan biki a makarantun sakandarensu. Ga kuma nauyin kuɗi, domin kuɗin hayar rigar yaye da anko da mai hoto da abinci duk a wuyan uban da bai gama farfaɗowa daga biyan kuɗin jarrabawa biyu da na JAMB ba suke sauka.

Hanin yana da hujja, amma bai amsa buƙatar da ta haifar da abin ba. Yaran da suka zauna aji ɗaya shekara da shekaru, waɗanda wasunsu za su shiga jami'a, wasu su tafi koyon sana'a, wasu a yi musu aure kafin sakamako ya fito, dole su nemi hanyar yin ban kwana, kuma in makaranta ba ta shirya musu ba, za su shirya wa kansu a inda babu babba. Makarantun allo da na Islamiyya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa saukar Alƙur'ani take zuwa da allo mai zayyana da karatu a gaban malamai da walima, ta yadda murnar take da tsari kuma manya suna cikinta.

Wasan kwaikwayo kuwa ba ya cin kuɗi. Yana buƙatar malamin Hausa ko na Turanci guda da zai zauna da ɗalibai da yamma na 'yan makonni, ya bar su su rubuta da kansu, ya tace abin da ya taɓa nakasa ko talaucin gidan wani ko ƙabilarsa, musamman da yake ajujuwan Palladan da Sabon Gari sun haɗa Hausawa da Yarabawa da Ibo da 'yan kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista. Ya kamata kuma a tabbatar an ambaci kowane ɗalibi a hasashen, har da mai shiru na bencin baya wanda bai taɓa karɓar kyauta ba. Sashen koyar da wasan kwaikwayo na jami'ar yana da ɗaliban da aikin fita cikin jama'a yake cikin karatunsu, kuma daga ƙofar jami'ar zuwa makarantun Palladan tafiyar 'yan mintuna ce a Keke Napep.