Waƙa Tana Yankewa: Ina Illar Take?

Daga cikin al'amuran da zamani ya kawo ƙasar Magarya da Dungas akwai tara waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani mai girma cikin kwamfuta guda, a haɗa ta da akwatin wifi, domin duk mai waya a gidan, ko a shagon mai turi, ya jawo abin da ransa ke so ba tare da an zare katin memori ba. Sai dai sau da yawa ana tsakiyar sauraren Shata ko Ɗanƙwairo sai sauti ya ɗauke, jim kaɗan ya komo, mai gida kuwa ya hau zagin kamfanin waya, alhali a galibi kamfanin ba shi da alhaki, tun da waƙar da ke tasowa daga ɗaki zuwa zaure ba ta bi ta intanet ko kaɗan.

Illar da ke zuwa tana tafiya ba ta rasa sa'arta, saboda haka wajibi ne mai bincike ya fara lura da lokacin da take aukuwa. Idan bayan an ɗauke wuta an maido ne, to ga sababin. Jihar Damagaram ta daɗe tana shan lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, wanda aka yanke a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a maido ba sai Maris 2024. Ko ba wannan ma, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Duk sa'ad da akwatin wifi ya mutu ya farfaɗo, yakan sake raba wa na'urori lambobin adireshi, ta yiwu kwamfutar ta sami wata lamba dabam, waya kuwa ta ci gaba da sallama a tsohuwar ƙofa, kamar baƙon da bai ji labarin mai masaukinsa ya yi ƙaura ba. Maganinsa shi ne a shiga saitin akwatin a keɓe wa kwamfutar lamba ɗaya tabbatacciya.

Sababi na biyu ya fi ɓuya, kuma a ganina shi ya fi wahalar da mutanenmu. Wayar zamani, idan ta ga wifin da take kai ba shi da intanet, takan yi gaban kanta ta sulale zuwa data, nan take kuma hanyarta da kwamfuta ta yanke. A garuruwan bakin iyaka, kamar Tinkim ko wajen hanyar Maigatari, inda waya ke kai-kawo tsakanin rezon Airtel ko Moov ko Zamani da na MTN daga ƙetare, mutum ya saba ɗora wa rezo laifin kome, har ba ya zargin wayar tasa. Jarrabawar mai sauƙi ce: a kashe data, a bar wifi kaɗai, idan waƙa ta miƙe, an kama ɓarawo.

In kuwa bayan isha'i ne abin ke tsananta a gidan da ke amfani da sola, a tuhumi batir, domin ƙarfinsa ya ragu. In da azahar ne cikin bazara, a taɓa akwatin da hannu, musamman wanda aka rataye dab da rufin kwano, domin zafi na sa shi ya riƙa mutuwa yana tashi. Kwamfuta ma tana da tata ɗabi'ar ta yin barci idan an jima ba a taɓa ta ba, sai an hana ta cikin saiti.

Sauran kuma sha'anin nisa ne da shamaki. Ƙofar ƙarfe da katangar ƙasa mai kauri suna raunana wifi, sifikar Bluetooth kuma a zango ɗaya take aiki da shi, wato gigahaz 2.4, har sukan yi cunkoso. Wanda ya sami igiyar haɗi, ya jona kwamfutar kai tsaye da akwatin, sa'an nan ya ɗaga akwatin sama a wuri mai inuwa da iska, tsakiyar gida.