Amosanin Jini: Wanne Ne Gaskiya, Wanne Ne Ji-ta-ji-ta?

Da zarar hunturu ya kama, iyaye mata daga Karofi da ƙauyukan kewaye sukan kama hanyar asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi da yara masu kukan ciwon ƙashi. Maganganu kan wannan ciwo na amosanin jini, wato sikila, sun yi yawa, don haka ga abin da madubin likita ke nunawa idan aka shafa ɗigon jini a gilashi.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, suna kuma kai kwana 120. Na mai sikila kuwa, idan iskar numfashi ta ragu a jini, sai su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe hanya, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Likita James Herrick ya fara bayyana wannan siffa a Amurka a 1910. Yanzu ga maganganun da ake yi da gaskiyar kowanne.

"Maye ne ya kama shi, ko kuma ɗan wabi ne." Ba gaskiya ba ne. Toshewar jijiyoyi ce ke kawo azabar ciwon da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, saurin mutuwar ƙwayoyin kuma shi ke sa ido ya yi ɗorawa.

"Daga wajen uwa aka kwaso." Wannan zalunci ne ga mata. Yaro ba ya zama SS, wato mai ciwon, sai ya gaji S, gadon sikila, daga uwa da uba duka.

"Idan na fari ya zo da shi, ukun da ke biye sun tsira." Kuskure ne. Idan AS, wato mai S ɗaya, ya auri AS, kowane ciki yana da nasa haɗarin, kashi 25 cikin 100. Wani gidan duk 'ya'yan su kuɓuta, wani kuma a jera uku masu ciwon.

"Auren zumunci ke kawo shi." Da gaskiya a ciki. Dangin da S ke yawo a jininsu sun fi saurin haɗa AS biyu. Amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, saboda haka auren bare ma bai hutar da kowa daga gwaji ba.

"Mai AS ba ya yin maleriya." Yana yi. Kariyarsa daga mai tsanani ce kawai. Ga mai SS kuwa, zazzaɓin cizon sauro abin gaggawa ne.

"Duk ƙarancin jini sikila ne." A'a. Idan ƙwayoyin suka fito ƙanana, kala a koɗe, galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma ana maganinsa. Idan aka ga ƙwayar cuta zaune cikinsu, maleriya ce. Kowanne da maganinsa.

"Na yi gwaji, ni O ne." Wannan rukunin jini ne, na ƙarin jini. Jinotayif daban yake: AA, AS, SS, AC ko SC. Gwajin da ke nuna lanƙwasar ƙwaya kaɗai ba ya raba AS da SS, sai an yi na tantance jinotayif. Kuma babu jiƙo ko sassaƙen da ke canza shi.

"Ba sa wuce shekara 20." Da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi iyali. Abin da ke taimakawa shi ne ganowa da wuri, allurar rigakafi, gidan sauro, yawan shan ruwa, rufe jiki da sanyi, folik asid, da maganin haidroksiyuriya bisa umarnin likita. Idan aka ga zazzaɓi, ciwon ƙirji, ko shanyewar hannu ko ƙafa, a garzaya asibiti nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ciwon a Najeriya duk shekara. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Iyaye da waliyyai da limamai, ku nemi takardar gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da fasawa ba ta zama abin kunya ba. Yaran da aka riga aka haifa da shi kuwa, kulawa da tausayi suke buƙata, su da uwayensu.