Akwatin Beatles da Memorin Shata

Kwanakin baya na kai wa wani tsohon abokin karatuna ziyara a gidansa da ke Fagge, bayan dawowarsa daga Ingila inda ya je duba 'yarsa. Mun gaisa, mun yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, mun taɓa hirar tsadar rayuwa, sai ya tashi ya ɗauko wani baƙin akwati ya dire a gabana kamar mai nuna kayan lefe. A cikinsa akwai fayafayan ƙungiyar makaɗan nan ta Beatles, samarin Ingila huɗu da suka girgiza duniya da kiɗan rok daga 1962 har zuwa watsewarsu a 1970. Manyan fayafayansu 13 duk suna ciki, ga kuma tsarabar waƙoƙin da suka fita ɗaiɗai. Kowane faifai da rigarsa, da hotunansa, da ɗan littafin da ke bayyana lokacin da aka ɗauki waƙoƙin da yadda aka ɗauke su.

Kamfanin EMI ne ya fito da wannan akwati ranar 9 ga Satumba, 2009, bayan injiniyoyinsa na Abbey Road da ke Landan sun shafe kimanin shekara huɗu suna aikin tace sautin. Aikin kuwa ba sake waƙa ba ne. Komawa ake yi ga tef na asali, wanda makaɗan suka rera a kansa tun farko, a juyar da abin da ke ciki zuwa kwamfuta a tsanake, a cire ƙwas-ƙwas da sauran tabon da na'ura ko tsufa suka jawo, a daidaita amo, amma ba a taɓa abin da mawaƙi ya faɗa ko abin da makaɗi ya kaɗa ba. Da abokin nawa ya kunna, wallahi sai ka rantse mutanen suna cikin ɗakin, har jan numfashin mai waƙar kana ji.

Ni dai ban taɓa zama ɗan gani-kashe-nin Beatles ba, don haka na yaba, na yi shiru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne faifai na biyu da ya ɗauko. Wani tari ne na kiɗan rok na Nijeriya na shekarun 1970, mai suna Nigeria Rock Special, wanda kamfanin Soundway na Ingila ya fitar a 2008. A cikin jerin ƙungiyoyin da ke ciki sai ga Elcados. Duk wanda ya yi samartaka a Kano a wancan zamani, yana tsallaka titi daga Fagge zuwa Sabon Gari da dare ba da sanin iyaye ba, ya san wannan suna. A gidajen rawa na garin nan suka yi tashensu, da jita da ganguna irin na Turawa. Yau ka zagaye Sabon Gari, daga titin Faransa har zuwa Bata, da wuya ka sami matashin da ya taɓa jin labarinsu. Sai da kiɗan da aka yi a bayan gidanmu ya je Ingila, aka wanke shi, aka yi masa riga, sannan ya dawo mana da farashin fam.

Ba Elcados kaɗai ba. Tun a 2001 kamfanin Strut ya sanya waƙar marigayi Bala Miller a cikin tarin Nigeria 70, tare da ta ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos. Fela Anikulapo Kuti, wanda ya rasu a 1997, an fitar masa da akwatunan fayafayai har guda shida zuwa 2023, kowanne da wani shahararren mutum da ya zaɓi abin da za a zuba a ciki. William Onyeabor na Inugu ya sami nasa akwatin a 2014 daga wani kamfanin Amurka. A Jamhuriyar Nijar ma, kaset ɗin da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978 an farfaɗo da shi a 2013, har ya kai tsohon yawon wasa a Turai. Abin tambaya a nan shi ne: ina akwatin Alhaji Mamman Shata? Ina na Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos, da Barmani Choge?

Washegari na ce bari in gwada da kaina. Na shiga kasuwar Sabon Gari, na bi layukan da a da ba ka iya jin maganar na kusa da kai saboda amon rikodoji. Masu kaset sun ɓace, masu sidi ma sai ɗaiɗai. Aka nuna mini wani yaro mai ladabi a ƙarƙashin lema, da kwamfutarsa da tarin wayoyi a gabansa. Na ce ina son Shata. Ya tambaye ni, Baba, guda nawa? Cikin minti goma ya cika mini memori da waƙoƙi fiye da ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Na koma gida da murna, amma murnar ta koma ciki. Rabin waƙoƙin ba su da suna sai lamba. Wasu an yanke musu kai, wasu an datse su ana tsakiyar amshi. A wata waƙar muryar Shata ta siranta kamar ta yaro, a wata kuma ta yi nauyi kamar mai magagin barci. Waƙoƙi biyu ma ba nasa ba ne sam. Babu shekara, babu wuri, babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin makaɗan kalangu da 'yan amshin da suka yi rayuwarsu a bayansa.

Laifin ba na yaron ba ne, abin da ya gada ke nan. Mu bi sawun waƙar mu gani. An ɗauke ta a gidan rediyo ko a ɗakin ɗaukar sauti na kamfani, aka buga ta a faifan garmaho. Da rikoda ta yawaita a hannun jama'a, musamman bayan kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, sai masu shaguna suka riƙa juye faifai a kaset, kaset kuma a juye shi a wani kaset. Kowane juyi yana cin wani abu daga sautin, ya ƙara masa shuu. In injin mai juyin yana gudu fiye da ƙima, murya ta siranta. In batir ya yi sanyi, ta yi nauyi. In zaren kaset ya ƙare kafin waƙa, shi ke nan an datse ta, kuma duk wanda ya kwafa daga nan guntuwa zai samu har abada. Daga wannan jikan kaset ko tattaɓa-kunnensa aka juye zuwa sidi, daga sidi aka matse shi ya zama ɗan ƙaramin fayil da zai shiga waya. Abin da 'ya'yanmu ke ji a yau da sunan Shata inuwar inuwarsa ce.

A Fagge na nemi wani dattijo da na sani tun yana sayar da kaset muna samari. Yanzu kayan waya yake sayarwa. Ya gaya mini yadda ya taɓa mallakar fayafayan garmaho buhu-buhu, waɗanda daga su yake juye wa masu saye. Wasu zafin ɗaki ya lanƙwasa su, wasu yara suka yi wasa da su, ragowar kuma ya sayar wa wani baƙo da ya zo yana bi shago-shago yana tambayar tsofaffin fayafayai. Ya ce a lokacin har dariya ya yi wa mutumin a ransa. Na tuna kuma da gobarar da ta cinye babban sashe na kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. An yi lissafin shaguna da dukiya, amma babu wanda ya yi lissafin abin da ya ƙone na muryoyi, domin ba a taɓa ɗaukar su a matsayin dukiya ba.

Wani zai ce ai malaman jami'a sun yi aikin. Gaskiya ne sun yi ƙoƙari, kuma wajibi ne a yaba musu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara matanin waƙoƙin baka a littattafansa na Diwanin Waƙoƙin Baka, ya kuma rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah, littafin da ya bi rayuwar mawaƙin daga Musawa har zuwa rasuwarsa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999. Sai dai takarda kalmomi take riƙewa. Ba ta riƙe yadda kalangu ke amsa wa Shata magana, ko yadda kotso ke ɗaga muryar Ɗanƙwairo a gaban sarki, ko kukan kuntigin Ɗanmaraya, ko amon ƙwaryar Barmani a gidan biki. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma rabin gwanintar mawaƙinmu tana cikin yadda yake sarrafa wannan karin. Bugu da ƙari, makaɗinmu ba ya maimaita waƙa kamar karatun allo. Bakandamiyar Shata kanta ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma kowace da abin da ya ƙaru ko ya ragu a cikinta. Mai nazarin da bai san wace ce ta riga wata ba, ta yaya zai gane yadda mawaƙin ya girma, ko ya san abin da ke faruwa a ƙasa lokacin da aka sako wani baiti?

Na san akwai masu cewa al'ummar da ke fama da yunwa da rashin tsaro ba ta da lokacin akwatin waƙa. Akwai kuma masu ganin kiɗa ba abin da mutumin kirki zai kashe wa dukiya ba ne. Ban raina damuwar kowa ba. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: waɗannan waƙoƙi su ne muke sakawa a motocinmu, da su ake buɗe shirye-shiryen rediyo, daga cikinsu 'yan siyasarmu ke tsintar kirari. A cikinsu akwai sunayen sarakuna da hakimai, da attajiran Kantin Kwari, da direbobi, da manoma, da 'yan dambe, da labarin yaƙin basasa da sauyin kuɗi da sauya hannun tuƙi. Mun yarda mu ci moriyar maroƙi, amma muna jin kunyar a gan mu muna adana kayansa. Wannan shi ne cin tuwo da miyar maƙwabci ana zagin mai dakan daddawa.

Wani hanzari ba gudu ba, lokaci ba ya jiran mu gama muhawara. Tef abu ne mai rai da ajali. Sinadarin da ke riƙe da maganaɗisun da sauti ke kwance a kai yana shan laima, ya yi danƙo, har ya riƙa saɓulewa a kan injin in an kunna. Masana kan gasa irin wannan tef a ɗan zafi na tsawon sa'o'i don ya daure a juye shi, amma sai an same shi da sauran numfashi. Zafin bazararmu da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabarsa ne. Injinan da ke kunna manyan tef ɗin gidan rediyo kuma an daina ƙera su, masu gyaransu suna ta ƙarewa. Wannan ne ya sa a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi shelar gargaɗi ga duk masu ajiyar tef cewa a gaggauta juyewa kafin ƙofa ta rufe.

Ga kuma batun haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba sautin da aka ɗauka kariyar shekara 50, ita kuwa waƙar kanta tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ma'ana, fayafayan farkon shekarun 1970 sun fara fita daga hannun kamfanonin da suka buga su, amma waƙoƙin Shata haƙƙin magadansa ne har zuwa 2069. Duk memorin da aka cika a ƙarƙashin lema, ko sisi ba ya isa gidan marayun mawaƙi. Akwatin da aka yi bisa ƙa'ida, da yardar iyali da rubutacciyar yarjejeniya, shi ne hanya ta farko da gumin uba zai koma ga 'ya'yansa.

Shawarata ba mai tsada ba ce in an kwatanta da abin da muke kashewa a bikin aure guda na manya. Da farko a yi ƙidaya: Rediyon Nijeriya na Kaduna, da Rediyon Kano, da gidan talabijin na ARTV, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da Arewa House, da sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, kowa ya rubuta abin da ke ɗakin ajiyarsa. A nemi kamfanonin da suka gaji EMI da PolyGram a Legas a ji abin da ya rage na tef na asali. A yi shela ga jama'a su kawo fayafayai da kaset ɗin da ke ƙarƙashin gado, a juye a mayar musu da kayansu. Sannan a zauna da sauran makaɗa da 'yan amshi da tsofaffin ma'aikatan rediyo da ke raye, a saka musu waƙa su faɗi inda aka yi ta da waɗanda suka kaɗa, domin su ne ɗan littafin da ke cikin akwatin Beatles, kuma kullum ana binne shafi guda daga cikinsa. A fara da mawaƙi ɗaya, fayafayai goma, da littafi cikin Hausa da Turanci. Masu hali su sayi akwatin su ajiye, talaka kuma a tura masa tataccen sautin a wayarsa da suna da shekara, ta hannun wannan yaro mai lema, shi ma ya sami halalinsa. A kuma tuna da Elcados da sauran makaɗan Sabon Gari, don su ma tarihin Kano ne.

Da zan bar gidan abokina a wancan daren, ya rako ni har bakin mota. Na kunna, sai muryar Shata ta taso daga tsohon memorin da ke motar, tana shuu kamar ana ruwa a kan kwano. Muka tsaya muna saurare, babu wanda ya ce uffan, har waƙar ta yanke a inda ta saba yankewa. Mu biyun mun san ragowar baitin, domin mun ji shi daga bakin mai shi a filin wasa muna samari. Jikokinmu ba su sani ba, kuma in muka tafi babu mai gaya musu cewa akwai ragowa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba masu iko da masu hali ikon yin abin da ya dace tun da sauran lokaci.