Kaska: ƙaramin ƙwaro, babbar hasara

Manoma da makiyayan Magarya da Dungas, in damana ta faɗi, kaska ta fito. Tana ƙarama takan sha jinin zabi da zomaye. In ta girma sai ta hau shanu, tumaki da awaki, ta laƙe a hantsa da gindin wutsiya.

Kaska tana zuba wa bisa ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Tunkiya ta yi zazzaɓi, ta riƙa kewaye, ta faɗi ta mutu. Sa mai kaska da yawa shi kirci ke kamawa, ya kasa huɗa.

Ku duba bisashenku kowace safiya. Ku cire kaska ku jefa wuta. Kada ku murje ta da yatsa, tana sa mutum ciwo. In ta yi yawa, ku nemi likitan bisashe.